Ciwon Hanjin Da Ke Shanye Jini A Ɓoye: Jan Kunne Ga 'Yan Kasuwar Zongon Kwatano

Daga wakilinmu a Kwatano

A unguwar Zongo ta birnin Kwatano, kamar dai sauran zangunan Hausawa tun daga Malanbil har zuwa Seme, akwai wata kalma guda da aka ɗora wa nauyin kusan duk ciwon da ke tsakanin cibiya da gwiwa, wato basir. Idan ciki ya kumbura, basir ne. Idan baya ya riƙe, basir ne. Idan mutum ya ga jini a bayan gida sai a ce basir mai jini ne ya kama shi, idan kuma ya rame ya yi fari fat, har ya kasa ɗaga dilar da a da yake ɗagawa ba tare da nishi ba, sai a ce ai basir ɗin ne ya ci ƙarfinsa. Daga nan sai a nufi wurin mai sassaƙe a bakin masallaci, a haɗa da kwalbar maganin ƙarin jini, a koma rumfa a ci gaba da harka.

Basir dai akwai shi, kuma yana zubar da jini. To amma likitocin ciki sun daɗe suna jan hankalin jama'a cewa akwai wasu cututtuka da ke fakewa a bayan wannan suna, kuma daga cikinsu akwai wani ciwon kumburin hanji mai daɗewa wanda yawancin mutanenmu ba su taɓa jin sunansa ba. Babban abin da wannan ciwo ke yi wa mai shi, baya ga gudawa da murɗar ciki, shi ne ya riƙa shanye masa jini kaɗan-kaɗan har tsawon watanni ko shekaru. A shirin kiwon lafiya da muke gabatarwa a rediyo, da wuya mako ya wuce ba a tambaye mu maganin ƙarin jini ba, amma da ƙyar ake samun mai tambayar inda jinin yake tafiya. Wannan tambaya ta biyu ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Wane irin ciwo ne?

Ciwon iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ke cin fatar cikin babban hanji, yana farawa daga kusa da dubura ya yi sama, ya bar wurin da gyambo mai zubar da jini da majina. Wani likita a birnin Landan mai suna Samuel Wilks ne ya yi bayaninsa tun a shekarar 1859. A takardun asibitin Nijeriya za a ga an rubuta shi da haruffan UC, a nan Jamhuriyar Benin da Nijar kuwa, inda ake aiki da Faransanci, RCH ake rubutawa. Na biyu shi ne ciwon Crohn, wanda aka sa wa sunan Dokta Burrill Crohn na birnin New York a Amurka, da shi da abokan aikinsa suka yi bayaninsa a 1932. Shi wannan yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, sai dai ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji, kuma yakan ci bangon hanjin har ya huda shi ko ya ƙuntata shi.

Dukansu biyu ba ƙwayar cuta ce ake ɗauka daga ruwa ko abinci ba, kuma ba a ɗaukarsu daga wani. Garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta far wa hanjinsa. Ciwon yakan taso ya yi makonni, sannan ya lafa kamar an warke, bayan wani lokaci ya sake tasowa. Wannan lafawar ce ke sa duk maganin da aka sha na ƙarshe ya samu yabo, a ce ai sassaƙen wane ne ya yi aiki. Kuma ya fi kama mutane tsakanin shekara 15 zuwa 40, wato daidai lokacin da mutum yake tsakiyar nema.

Ba ciwon talaka kaɗai ba ne. Tsohon Firayim Ministan Japan, Shinzo Abe, saboda irin na farkon ne ya sanar da ajiye mulki a watan Agustan 2020, kuma ciwon yana cikin abin da ya sa ya sauka a karon farko a 2007. Masu kallon ƙwallo kuma za su tuna Darren Fletcher na ƙungiyar Manchester United, wanda ya bayyana cewa yana da shi a 2011, sai da aka yi masa tiyata kafin ya dawo fili. Wani ƙiyasi na duniya ya nuna cewa a shekarar 2017 mutane kimanin miliyan 6.8 ne ke ɗauke da waɗannan cututtuka biyu, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a an fi samunsu a Turai da Amurka.

Saboda haka ne aka daɗe ana ɗaukarsa ciwon Turawa. Amma a 2011 wasu likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun wallafa rahoton majinyatan da suka gani, inda tun daga kan taken rahoton suka tambaya ko har yanzu za a ci gaba da cewa ciwon ba safai ake samunsa a 'yan Nijeriya ba. Haka nan likitoci a asibitin Korle Bu na Accra da kuma na Dakar sun ba da rahoton nasu majinyatan. Abin da ke yawan fitowa a irin waɗannan rahotanni shi ne jinkiri: majinyaci ya yi wata da watanni ana yi masa maganin atuni kafin a gano ainihin abin da ke damunsa, kuma a lokacin jininsa ya riga ya yi ƙasa.

Lissafin ɗan kasuwa

Domin mai karatu ya fahimci yadda gyambon hanji ke jawo ƙarancin jini, bari mu yi lissafin yadda aka saba yi a rumfa, da uwar kuɗi da shiga da fita.

Abin da ke sa jini ja, kuma yake ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki, shi ne himogulobin, kuma ba a ƙera shi sai da sinadarin ƙarfe. Duk jikin baligi bai ɗauke da fiye da giram 3 zuwa 4 na wannan sinadari ba, kwatankwacin nauyin ƙusa guda. Wannan ita ce uwar kuɗin. Daga duk abincin da mutum zai ci a yini, abin da hanji ke tsotsa bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, kuma kusan haka ne jiki ke zubarwa a kullum, don haka shiga da fita sun yi daidai, babu wata riba mai yawa. To, kowace mililita guda ta jini tana ɗauke da kusan rabin miligiram na ƙarfe. Ke nan wanda yake zubar da jini cikin ƙaramin cokalin shayi guda a rana, wato mililita 5, yana asarar miligiram 2 da rabi, fiye da abin da ya shigo. Cokali guda ba abin da zai tayar wa kowa hankali ba ne, musamman idan an rarraba shi a zagaye huɗu ko biyar. Amma idan aka tara na shekara guda, ya kusa lita 2 na jini, alhali duk jinin da ke jikin babban mutum wajen lita 5 ne. Duk ɗan kasuwar da yaronsa ke zarar dala ɗari a kullum daga aljihun tebur ya san ba ranar farko ake ganewa ba, sai ranar da aka zo sarin kaya.

Hanji mai lafiya yakan ƙara ƙoƙari idan jiki ya shiga buƙata, ya tsotsi fiye da yadda ya saba. A nan ne matsala ta biyu take, kuma ita ce wadda ko masu ilimi da yawa ba su sani ba. Idan akwai kumburi a jiki, hanta takan saki wani sinadari da masana suka gano a wajajen shekarar 2000 zuwa 2001, suka sa masa suna hefsidin. Aikinsa shi ne rufe ƙofa. Yana hana ƙarfen abinci ratsa bangon hanji ya shiga jini, kuma yana hana wanda ke ajiye a hanta da saifa fitowa. Mutanen Zongo ba su buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin sun ga irinsa da idonsu lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020: ga shinkafa maƙare a sito a Kwatano, ga masu buƙata a tsallake, amma babu hanya. Haka ɓargon ƙashi, inda ake ƙera jini, yake zama babu kayan aiki, alhali ƙarfen yana nan a kulle. Shi ya sa mai wannan ciwo zai sha kwalba uku ta maganin ƙarin jini, a auna a ga bai motsa ba.

Akwai kuma hanya ta uku. Bitamin B12, wanda shi ma ba a ƙera jini sai da shi, a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotsarsa, daidai wurin da ciwon Crohn ya fi kamawa. Hanta tana da ajiyarsa ta shekaru, don haka ƙarancin ba ya bayyana da wuri, sai daga baya mutum ya fara jin ƙafafunsa suna dindiris ko kamar ana tsira masa allura. Ga kuma mai ciwon da kansa yakan rage cin abinci don tsoron zagayawa, musamman idan tafiya ta kama shi. Binciken da aka tattara a ƙasashen Turai ya nuna kusan mutum 1 cikin 4 na masu wannan ciwo yana da ƙarancin jini, kuma adadin ya fi haka nesa a cikin waɗanda ciwon ya kwantar a asibiti.

Dalilin da ya sa yake ɓacewa a cikinmu

A Turai idan saurayi ya zo da ƙarancin jini, abin mamaki ne, nan take za a shiga bincike. A yankinmu kuwa ƙarancin jini ya zama ruwan dare. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Jamhuriyar Benin a 2017 zuwa 2018 ya nuna kashi 72 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna da shi, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa. Irin wannan bincike a Nijeriya a 2018 ya samu kashi 68 na yara da kashi 58 na mata. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki tana tsotsa, ga amosanin jini wato sikila, ga haihuwa kusa da kusa. A cikin wannan taro, mai ciwon hanji sai ya ɓace kamar allura a cikin ruwa.

Ita ma gudawa mai jini tana da iyaye da yawa a wurinmu. Akwai atunin da ƙwayar amiba ke kawowa, akwai na ƙwayoyin bakteriya, akwai tsargiyar hanji da masu shiga tafki da kogi ke ɗauka, akwai tarin fuka da ke kama hanji wanda ko likitoci yakan rikita su da ciwon Crohn, sannan akwai sankarar hanji. Gaskiya ne cewa cikin mutum goma da za su ga jini a bayan gida a Zongo, mafi yawansu ba wannan ciwo da muke magana a kai suke da shi ba. Bambancin da ɗan kasuwa zai iya riƙewa shi ne na lokaci. Atuni na yau da kullum yakan wuce cikin kwanaki idan an sha maganin da ya dace. Wanda ya haura mako huɗu, ko wanda yake tafiya yana dawowa, yana tayar da mutum daga barci cikin dare, ga rama, ga kasala, wannan ya wuce a ci gaba da saye masa Flagyl a tebur.

Sannan akwai kunya. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mutanenmu sun riƙe wannan magana har a gaban likita. Magidanci zai iya faɗin ciwon kai da ciwon baya, amma ya ce sau takwas yake zagayawa a rana kuma da jini, wannan sai ya yi masa nauyi, balle mace a gaban likita namiji ta bakin tafinta. Wani ma bai san yana zubar da jinin ba, domin masai na rami ko na haya a kasuwa ba wurin da ake tsayawa dubawa ba ne. Sau da yawa abin da ke fara damun mutum shi ne alwalarsa ba ta daɗewa, yana fita sahu, ko kuma ba ya iya zama a mota. Daga Kwatano zuwa Malanbil tafiyar sama da kilomita 700 ce, kuma direba ba zai tsaya wa mutum guda sau goma ba. Sai a sha ƙwayar tsayar da gudawa tun daga tasha, a ƙi cin abinci har a isa. Likitoci suna gargaɗin cewa shan irin wannan ƙwaya alhali ana zubar da jini kuma da zazzaɓi yana iya sa hanji ya tsaya cik ya kumbura, abin da kan kai ga tiyatar gaggawa.

An bar jaki ana dukan taiki

Mun san abin da ake ba wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa. A haɗa masa lemon malt da madarar gwangwani, a dafa masa karan dafi, a jiƙa zoɓo, a sayo maganin kwalba mai hoton ƙaton mutum. Malt da madara suna da daɗi kuma suna ba da ƙarfi na ɗan lokaci saboda sukari, amma madara ba ta da ƙarfen kirki, hasali ma sinadarin ƙashi da ke cikinta yana rage tsotsar ƙarfen. Ja kuma ba shi ne jini ba, in da haka ne da masu rini sun fi kowa lafiya. Abincin da ke da ƙarfen da jiki ke saurin karɓa shi ne hanta da ƙoda da jan nama da kifi, sai wake da zogale da alayyafo su biyo baya, kuma lemon zaƙi ko ɗan kuka suna taimaka wa na ganye ya shiga. Shayi kuwa, wanda ba a raba mutanen Zongo da shi daga asuba har dare, yana ɗaure ƙarfe idan an sha shi a kan abinci, don haka ana so a ba da tazarar awa guda ko biyu. Haka ita ma farar ƙasa da mata ke ci. Yawan sha'awar cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara ma kansa alama ce ta ƙarancin ƙarfe a jiki.

Duk wannan gyara ne mai amfani, amma ga wanda hanjinsa ke yoyo, zuba ruwa ne a kwando.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne magungunan da ake saye ba tare da takardar likita ba. Mai ɗaukar kaya ko mai doguwar tafiya ba ya rabo da maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, ko garin da ke ɗauke da asfirin. Waɗannan suna iya ƙwarzane ciki su sa zubar jini ko ga mai lafiya, kuma suna iya tayar da ciwon hanjin da ya lafa. Sai kuma dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha don su yi ƙiba. Su waɗannan suna kwantar da kumburi da gaske, har likitoci ma suna amfani da su na ɗan lokaci, shi ya sa mai ciwon zai ji sauƙi ya ɗauka ya samu magani. Amma idan ainihin abin da ke cikinsa amiba ce ko tarin fuka, sun ɗaure wa cutar gindi ke nan, domin sun kwantar da garkuwar da ke yaƙarta. Wannan ne dalilin da ya sa likita ba ya fara irin wannan magani sai ya duba bayan gida tukuna.

Ingancin maganin kansa ma abin dubawa ne. A nan Kwatano ne tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac tare da wasu shugabannin Afirka suka yi kiran yaƙi da jabun magunguna a ranar 12 ga Oktoban 2009, kuma a watan Fabrairun 2017 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta tura jami'an tsaro suka rushe sashen Adjegounle na kasuwar Dantokpa, inda aka kwashe sama da tan 80 na magunguna. Mu 'yan kasuwa ne da 'ya'yan 'yan kasuwa, mun san araha ba ta ado. Idan jabun atamfa ne, kuɗi kawai aka yi asara.

Abin da za a nema a asibiti

Matakin farko ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin da ake kashewa a kwalabe, wato a auna jini. A Benin da Nijar sunan gwajin NFS, kuma kusan kowane ɗakin gwaji yana yin sa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, namiji baligi idan himogulobin ɗinsa ya gaza 13 yana da ƙarancin jini, mace idan ya gaza 12, mai juna biyu kuma idan ya gaza 11. Duba tafin hannu da ƙasan ido da harshe yana taimakawa, haka ma lura da haki a ɗan hawan bene, da jiri, da bugun zuciya, amma jiki yakan saba da ƙarancin da ya zo a hankali, har mutum ya riƙa zuwa kasuwa da rabin jininsa yana cewa gajiya ce.

A nan akwai ƙa'idar da muke so kowa ya riƙe. Namiji baligi, ko macen da ta daina al'ada, idan aka ce ƙarfen jininsu ya yi ƙasa, to wajibi ne a nemo inda yake zuba, kuma wurin da ake fara zargi shi ne ciki da hanji. Kada a karɓi ƙwaya kawai a tafi.

Gwaji na biyu shi ne na feritin, wanda ke nuna yawan ƙarfen da ke ajiye. Ga wanda ba shi da kumburi, ƙasa da 30 na nufin rumbu ya kusa ƙarewa. Amma kumburi yana ɗaga wannan adadi na ƙarya, shi ya sa ƙa'idojin likitocin hanji na Turai da aka fitar a 2015 suka ce ga mai ciwon da ke tashe, ko feritin ya kai 100 ana iya cewa akwai ƙaranci. Daga nan sai gwajin bayan gida don neman amiba da ƙwan tsutsa. Idan duk an yi maganin waɗannan kuma jini bai tsaya ba, abin da ya rage shi ne a leƙa hanjin da na'ura mai kyamara, a ɗan tsinko tsoka a auna. Da Faransanci sunan aikin koloskofi. Mun san mutanenmu suna gudun wannan gwaji saboda hanyar da ake bi, amma babu wani abin da ke maye gurbinsa, kuma shi ne ke raba tsakanin gyambon hanji da sankara. A Kwatano akwai sashen likitocin ciki da hanta a babban asibitin koyarwa na CNHU Hubert Koutoukou Maga, wanda ba shi da nisa daga Zongo. Ga masu harka ta ɓangaren Nijeriya akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba cikin Ikko, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya.

Akwai halin da ba a jira gobe. Wanda yake zagayawa da jini sau 6 ko fiye a rana, kuma ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko jiri idan ya miƙe, asibiti za a kai shi a ranar, ko da kwantenarsa tana bakin fita daga tashar jirgin ruwa.

Maganin yana tafiya ne ƙafa biyu. Ƙafa ta farko ita ce kwantar da kumburin hanjin da magunguna irin su sulfasalazine ko mesalazine, wani lokaci da azathioprine, kuma tun daga 1998 aka fara samun allurai masu ƙarfi irin su infliximab, waɗanda ke da tsada ainun kuma sai an tabbatar babu tarin fuka kafin a fara su. Magungunan ba su kashe ciwon har abada, riƙe shi suke yi, kamar yadda ake riƙe hawan jini ko ciwon sukari, don haka wanda ya daina sha da ya ji sauƙi ya buɗe wa ciwon ƙofa. Mai shan sulfasalazine ana haɗa masa da ƙwayar folik asid domin maganin yana rage ta a jiki, mai shan azathioprine kuma sai ana auna jininsa a kai a kai.

Ƙafa ta biyu ita ce mayar da ƙarfen. Idan ciwon ya lafa kuma ƙarancin bai yi tsanani ba, ƙwaya ta wadatar, amma ba fiye da miligiram 100 na ƙarfe a rana ba, domin abin da hanji bai tsotsa ba yana wucewa ne ta kan gyambon ya ƙara murɗa da gudawa. Ƙwayar tana mayar da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Baƙin bayan gida mai yauƙi kamar kwalta ga wanda ba ya shan ta, shi ne abin tsoro, domin alamar jini ce daga sama. Idan magani yana aiki, ana sa ran himogulobin ya hau da kamar maki 2 cikin mako 4. Idan kuwa ciwon yana tashe, ko jinin ya gaza 10, ko ƙwayar ta ƙi zama a ciki, to ta jijiya ake ba da ƙarfen cikin ruwan leda, domin ta nan ne ake tsallake ƙofar da hefsidin ya rufe a hanji. Akwai irin da ake iya ba da har miligiram 1,000 a zama guda. Wannan aikin asibiti ne, inda za a iya ceto mutum idan jikinsa ya ƙi maganin, ba na bayan kanti ba. Mai ƙarancin B12 kuma allura ake yi masa, kuma shan folik asid kaɗai yana iya gyara adadin jinin a takarda alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa.

Ƙarin jini na leda, wanda dangi kan ɗauka shi ne ƙarshen magani, na ceton rai ne kawai. Leda guda ba ta ɗaga himogulobin fiye da kamar maki 1, kuma idan ba a toshe ɓular ba, bayan 'yan makonni za a sake kiran 'yan'uwa su zo su bayar.

Ga matan aure, likitoci suna ba da shawarar a kwantar da ciwon a kuma cika rumbun ƙarfe kafin a ɗauki ciki, kuma kada mace ta yanke maganin hanjinta da kanta don ta samu juna biyu, sai ta koma wurin likitan da ya rubuta shi. Wanda ya kai shekara 8 da ciwon babban hanji kuma ana so a riƙa leƙa hanjin lokaci-lokaci ko da yana jin lafiya, saboda haɗarin sankara yana ƙaruwa da daɗewar kumburi.

Wata matsala da ta keɓanta da masu harkar iyaka ita ce ta takardu. Mutum zai yi gwaji a Kwatano da Faransanci, ciwo ya tashi yana Ikko ko Kamba, ya je asibiti hannu rabbana a sake komai daga farko. Ya kamata takardun gwaji da na magani su zauna a jaka guda da katin shaida, a kuma ɗauki hotonsu a waya. A lura kuma cewa a Nijeriya an fi faɗin adadin jini da PCV, wanda ya ninka himogulobin kusan sau 3. Ke nan idan aka ce wa mutum jininsa 30 ne a Ikko, a Kwatano kuma aka ce 10, magana ɗaya ce, ba wai ya zube a hanya ba. Kuma ko bayan jinin ya dawo daidai, ƙarancin yakan sake dawowa, shi ya sa ake so a riƙa aunawa duk wata 3 a shekarar farko, daga baya kuma duk wata 6 zuwa shekara guda.